Ɗana, Kafin Ka Taka Dutsen Dabus

Ɗana, matso kusa, ajiye wayar nan tukuna. Na lura 'yan shekarun nan ku samari kun kamu da son yawon buɗe ido. Ku haɗa kuɗin mota ku tafi Yankari, ku hau Kufena, masu ƙarfin hali a cikinku har su tsallaka iyaka su nufi Agadas don su ɗauki hoto a gindin hasumiyar masallacinta. Ban ga aibin wannan ba. Ni ma da ƙuruciya ƙafata ba ta san zama ba, kuma rabin abin da na sani a duniya a kan hanya na tsince shi. Sai dai akwai wani dutse can gaba da Agadas, wanda na tabbata in tafiya ta yi maka nisa wata rana wani zai ce ku ratse ku gan shi. A kansa nake so mu yi magana, don ka isa wurin da hankalin da ni ban isa da shi ba.

Dabus ake ce wa wurin. Yana yamma da duwatsun Azbin, ba nisa da hanyar da ta tashi daga Agadas ta nufi Arlit, garin yuraniyam. Daga nesa ba abin da za ka gani sai tarin duwatsu irin waɗanda idonka ya riga ya gaji da su. Ko ka zo gindinsa, da sauranka, sai ka hau. Can bisa, a kan wani shimfiɗaɗɗen fa mai ɗan gangara, raƙuman dawa biyu ne a sassaƙe, babba da ƙarama. Babban tsawonsa mita 5.4, wato daidai da raƙumin dawa mai rai. Ka ƙiyasta maza uku dogaye, wani a tsaye bisa kan wani. Ba zanen gaggawa ba ne irin na yaro a jikin bango. Mai aikin ya bi dabbare-dabbaren jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya, ya zagaye kowanne, ya fitar da ido da kunne da kofato, ya goge wasu wurare har suka yi sumul. Daga bakin kowane raƙumi wani layi ya sauko ya ƙare a kan wani ɗan mutum ƙanƙane. A duwatsun da ke kewaye kuma an ƙirga zane sama da 800, mafi yawa dabbobi: shanu, jimina, barewa, zaki, karkanda.

A littattafai za ka karanta cewa wani masanin kayan tarihi ɗan Faransa, Christian Dupuy, shi ya gano wurin a 1987. Ka ɗauki kalmar nan ta “ganowa” da sauƙi. Shi ya fara rubuta labarinsa ga masana, wannan gaskiya ne. Amma Abzinawan da ke kiwo a kwarin sun san dutsensu tun kafin a haifi kakansa.

Masana da yawa suna ƙiyasta wa sassaƙar shekara 6,000 zuwa 8,000. Kada ka wuce lambar nan da sauri yadda kake wuce farashin kaya. Daga Hijira zuwa yau ba a cika shekara 1,500 ba. Ganuwar Kano da muke taƙama da tsufanta ba ta kai shekara dubu ba. Ka jera tarihin Kano gaba ɗaya sau shida, sannan ka fara jin ƙamshin zamanin mutumin da ya durƙusa a kan fan nan. A lokacinsa ba a san ƙarfe ba, babu kurfi, babu guduma, babu gizago. Dutse ya samu wanda ya fi na ƙasa tauri, ya yi ta ƙwanƙwasa yana gogewa, tabo bayan tabo, rana bayan rana. Wanda ya taɓa kallon mai sassaƙa turmi da gizagonsa na ƙarfe, a jikin ice ma, ya san abin da nake nufi.

To, bari in gaya maka abin da ya same ni a wurin, ko da yake ba labarin da dattijo ke son bayarwa ba ne.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, ina kai kaya Arlit, direbanmu ya ce mu ratse. Muka isa rana ta take, lokacin da haske ke dukan dutse tsaye, zanen duk ya dushe. Ina riƙe da 'yar kyamara da na saya a Sabon Gari, ina ji da ita. Na hau da takalmina, na tsallake wuyan babban raƙumin kamar mai tsallake kwata, na leƙa ta kyamara na ga hoton ba zai fito ba. Sai dabara ta zo mini: in na kwara ruwa, dutsen zai yi duhu, layukan su fito raɗau. Na buɗe jarka. Wani dattijon Ba'abzine da ke gadin wurin, wanda ban ma tsaya na gaishe shi yadda ya kamata ba, ya miƙo hannu daga inda yake tsugune. Bai ɗaga murya ba. Da Hausarsa ta mutanen Agadas ya ce, “Malam, ruwan nan in ba ka sha, ba ni. Shi wannan tun da aka yi shi bai roƙi kowa ruwa ba.” Na tsaya da jarka a hannu kamar wanda aka kama a rumbun wani. Sannan ya dubi ƙafata, bai ce komai ba. Na sauka, na tuɓe takalmin.

Ya ce mu jira. Muka sha shayi a inuwa, zubi uku kamar yadda suke yi, har rana ta sunkuya bayan la'asar. Da muka sake hawa, haske yana zuwa ta gefe, kowane rami ya cika da inuwarsa, sai ga raƙumin ya taso daga cikin dutsen kamar zai yi numfashi. Abin da na so in ƙwata da ruwa cikin minti ɗaya, haƙurin awa uku ya ba ni shi kyauta, kuma ya fi kyau nesa.

Daga baya na fahimci ɓarnar da na so in yi. Dutsen Dabus irin mai yashi-yashi ne, yana shan ruwa kamar tukunyar ƙasa. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishiri da kanwa. In ya shiga cikin dutse ya bushe, gishirin ya daskare a ciki ya riƙa tura ƙwayoyin yashi waje, fuskar dutsen ta fara gugewa. Ga shi kuma akwai wata fata mai duhu da iska da rana suka ɗauki dubban shekaru suna shafa wa dutsen, ita ce ke kare shi, kuma da ita masana ke gane wane zane ya girmi wani. Ƙasan takalminka kuwa, da yashin da ya maƙale a ciki, ba shi da maraba da sanfefa. Taku ɗaya ba ya nuna komai. Amma kai ba kai kaɗai ba ne, kowa da ya zo cewa yake yi nawa ɗaya ne. Haka alli da wasu ke cusawa cikin layukan don hoto ya fito, haka man da ke tafin hannu. Kada ka ce jahilci ne kawai ke jawo wannan. Henri Lhote, Bafaranshen da ya sanar da duniya zane-zanen Tasili a Aljeriya a 1956 da 1957, shi da mutanensa da soso da ruwa suka riƙa jiƙa zanen fenti don su kwafe shi da kyau, kuma har yau masana na kokawa da abin da hakan ya jawo. In mai digiri ya yi wannan kuskure, kai da ni sai mu yi hattara ninki biyu.

Ɓarnar ƙafa da ta hannu ce ta sa a 1999 wasu ƙungiyoyi biyu, Bradshaw Foundation da TARA, da izinin gwamnatin Nijar, suka zo suka shafa wa raƙuman wani irin roba mai laushi suka ɗauki siffarsu, aka zuba kwatankwacinsu da alminiyam. Ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. A 2000 aka sa wurin cikin jerin wuraren tarihin duniya da ke fuskantar haɗari, aka haƙa rijiya kusa, aka samu masu gadi daga mutanen yankin. Ka lura da abin kunyar da ke ciki: abu ya yi shekara dubu shida a fili, ba rufi, ba ƙofa, ba mai gadi, bai lalace ba. Da muka ji labarinsa, cikin 'yan shekaru sai da aka nemo masa mai tsaro.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna da ku, wato rubuta suna. Ban san dutse ko bangon tarihi ɗaya a ƙasar nan da za ka je ba ka tarar wani ya kafta sunansa da na budurwarsa da shekarar da ya zo ba. Da makullin babur ake yi, ko ƙusa, ko fenti. Me mutum yake nema? So yake a san ya zo. To, an sani. An kuma san irin tarbiyyar da ya zo da ita. A 2009, a duwatsun Akakus na Libiya, kusa da Gat da fataken Kano suka sani tun zamanin ayari, mutum ɗaya da gwangwanin fenti ya bi zane-zanen da suka shekara dubbai ya feshe su.  Ka kuma tuna bishiyar Tenere, 'yar ƙayar nan da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar rairayi, tafiyar kwanaki ba wata bishiya kusa da ita. Ayarin gishirin Bilma sun shekara aru-aru suna wucewa ta gabanta, ga sanyin dare, ga buƙatar itacen shayi, ga raƙuma da yunwa, amma ba wanda ya karya reshenta. A 1973 direban babbar mota ya banke ta, a filin da ba abin da za a kauce wa sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Na san abin da mai wayo a cikinku zai ce: ai su ma Abzinawa sun yi rubutunsu na Tifinag a jikin duwatsun, wasu ma sun zana raƙuma na hawa a gefen tsofaffin zanen, me ya sa nasu tarihi ne, nawa ɓarna? Tambaya ce mai kyau, na yarda. Amsata ita ce, wanda ya yi wancan rubutu dutsen ne allonsa, ba shi da wani. Kai kana da takarda, kana da waya, kana da Facebook inda kake zuba sunanka safe da yamma. Shi abin da ya bari shi ne kaɗai shaidar cewa ya rayu. Kai kuwa abin da za ka ƙara ba zai gaya wa na baya komai ba sai cewa ka iya riƙe ƙusa.

Kada kuma ka ɗauko komai. Ba ɓallin dutse ba, ba tsakuwa mai siffar kan kibiya ba, ba katangar tsohuwar tukunya ba. A Agadas da kan hanya za a iya tare ka da irin waɗannan, kan mashi na dutse, gatarin dutse, dutsen niƙa, a ce ka saya tsaraba. Talauci ne ke sa mai sayarwa, ban zarge shi da yawa ba. Kai mai saye kai ne kasuwar. Abin da ba ku gane ba shi ne, darajar irin wannan kaya tana wurin da aka same shi: a wane zurfi, kusa da me, tare da wane ƙashi ko gawayi. Ranar da aka ɗauke shi aka sa a aljihu, ya zama tsakuwa kawai, kamar a yage shafi ɗaya daga littafi a jefar da sauran. In tsaraba kake so, ga maƙeran Agadas nan da azurfarsu, ga dukawa da jakunkunan fata. Saya a wurinsu, kuɗinka ya shiga gidan mai sana'a.

Amma ɗana, ban kira ka don in jera maka hani kawai ba. In ka je ka tsare duk waɗannan, ka dawo ba abin da ya motsa a zuciyarka, ka yi asarar kuɗin mota.

Idan ka hau fan nan, bayan ka gama kallon raƙumin, juya ka dubi abin da ke kewaye da kai. Rairayi, duwatsu, 'yan ƙayoyi jefi-jefi, iska mai zafi. Sannan ka tambayi kanka: me raƙumin dawa yake ci a nan? Dabba ce da ke kiwo a kan bishiya, tana cin ganye mai yawa kullum. Mutumin da ya sassaƙa ta bai gan ta a littafi ba. Wanda ya fitar da dabbare-dabbaren nan haka ya daɗe yana kallonta da idonsa. Ashe inda kake tsaye daji ne a da, mai ciyawa da itatuwa da tafkuna. Wannan ba tatsuniya ba ce. A Gobero, cikin Tenere, wani Ba'amurke mai neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, Paul Sereno, ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 2000, mai kaburbura wajen 200, a bakin wani tafki da ya ƙafe. An tono ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, irin wanda ake alfahari da kamawa a Argungu, da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. A wani kabari mace ce da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna. A nan gida ma, a Dufuna ta jihar Yobe, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987, shekarar da aka rubuta labarin Dabus, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda aka auna shekarunsa wajen 8,000. Jirgin ruwa, a ƙasar da yau ake haƙa rijiya da wahala.

Ga wani abu da ya daɗe yana ba ni dariya. Mu Hausawa mun ce “raƙumin dawa”, kamar raƙumi ne na asali, wannan kuwa ɗan'uwansa ne da ya ɓata a daji. Alhali raƙumin hawa baƙo ne a Sahara, bai fi shekara 2,000 da wani abu da bazuwa a cikinta ba. Sai da ƙasa ta bushe ya samu wurin zama. Raƙumin dawa ya riga shi da dubban shekaru. Mun raɗa wa mai gida sunan baƙo.

Ina jikokin raƙuman Dabus suke yau? Ruwa ya ja baya, suka bi shi kudu. Fari da sare daji da farauta suka bi su can. Irin raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda a da ake samu daga Senegal har tafkin Chadi, ya ƙare ko'ina sai a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Da gwamnati da manoman yankin suka tsaya, suka haƙura da ɓarnar da yake yi musu a gonar wake, adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji. Kai da ka fito daga ƙasar da hamada ke cin gonaki kowace shekara, ƙasar da buhun gawayi ke fita daga daji dare da rana, ba ka bukatar a fassara maka abin da dutsen nan ke faɗa. Mutanen Dabus ba su jawo wa kansu fari ba, juyin zamani ne daga Allah ya canza tafiyar damina. Mu kuwa da gatarinmu muke taya hamada aiki.

Layin nan da ya sauko daga bakin raƙumi zuwa ɗan mutum, masana sun rabu a kansa. Wasu sun ce igiya ce, alamar farauta ko ƙoƙarin sabo da dabbar. Wasu sun ce alama ce ta wata alaƙa a cikin imanin mutanen. Ka saurari kowa, amma kada ka dawo gida ka zauna a majalisa kana yanke hukunci kamar a gabanka aka yi. Kada kuma ka biye wa masu cewa aljanu ne suka zana, ko wasu halittu daga sama. Wannan magana, ko mai yin ta bai nufa ba, raini ce: an ga aiki mai kyau a Afirka, an rasa yadda za a yarda ɗan Adam na nan ne ya yi shi. Mutum ne kamarka, mai ido da haƙuri da ciwon baya.

Akwai kuma wanda zai ja ka gefe ya ce maka wannan gumaka ne, zuwa wurin ma laifi ne, kankare su lada ne. Ni ba malami ba ne, kuma ban hana ka tambayar malamanka ba. Amma ka riƙe abubuwa biyu da idona da karatuna suka nuna mini. Na farko, ba wanda ke bauta wa raƙuman Dabus. Masu gadinsu Musulmi ne, tare muka yi la'asar da dattijon nan a kan rairayi. Alƙur'ani kuma a wurare da dama ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma ba a yin izina da abin da aka shafe. Na biyu, Azbin ba baƙuwar Musulunci ba ce. Ta nan Shehu Magili ya ratsa kafin ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Agadas ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je yana bin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Ɗaruruwan shekaru malamai da alhazai da fatake suna zaune a ƙasar nan tare da duwatsunta masu zane, suka bar su yadda suka same su. Ko a Saudiyya, sassaƙe-sassaƙen Jubba da ke yankin Ha'il hukuma ce ta kewaye su take tsaronsu, aka sa su cikin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2015. Saurayin da ya fara karatu shekaranjiya ba zai fi waɗannan duka kishin addini ba.

Kuma kada ka ɗauka kayan wasu ne can. Gobirawa har yau suna ba da labarin cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro. Gishirin da kakarka ta jefa a miya, da kanwar da aka ba dabbobin gidanku, ta hannun mutanen ƙasar nan suka iso. Ba na ce maka Bahaushe ne ya sassaƙa raƙumin ba, lokacin ba a san wani abu wai shi Bahaushe ko Ba'abzine ba. Na dai ce in ana lissafin magada, ba ka cikin 'yan kallo.

Sauran maganar gajeruwa ce. Hanyar arewacin Nijar ba kullum take da lafiya ba. Kada ka kama ta sai ka tambayi mutanen Agadas da hukuma, in an ce sai da rakiya ka bi rakiya, in an ce a dakata ka dakata, ka je filin jirgi ka kalli na alminiyam. Kada ka tafi ba da sanin iyayenka ba. Lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, ledar da ka sha kuma ta koma cikin jakarka. In ka isa, fara da sallama ga masu wurin, ka zauna in sun ce ka zauna, ka sha shayinsu, ka taka inda suka ce ka taka. Abin da aka yanka na shiga ka biya ba tare da ciniki ba, ka ƙara da ihsani in kana da hali. Mutumin da ke zaune cikin wannan rana yana tsare maka gadonka bai cancanci ka yi masa wayon kasuwa ba. Kada ka ɗauki hoton matansu da 'ya'yansu sai da izini. Kuma ka ba idonka rabonsa kafin ka ba waya nata. Na ga masu zuwa irin waɗannan wurare su juya wa abin da suka zo gani baya, su yi murmushi, su danna, su koma mota.

In kuwa Agadas ta yi maka nisa, ba sai ka yi fasfo ba. Birnin Kudu tana nan a Jigawa, tafiyar kamar awa biyu daga Kano. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da 'yan'uwansu akwai zanen shanu marasa tozo, irin da ba ka gani a garken Fulani yau, da duwatsun da in an buga suke amsawa kamar ƙararrawa. Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a shekarun 1950, gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964. Waɗannan da fenti aka yi su, sun ma fi na Dabus rauni, yatsa ɗaya mai gumi yana rage musu kwana. Mutane nawa ne suke wucewa ta garin kullum a mota, ba su taɓa sanin akwai su ba?

Fara da can. Ka ɗauki ƙannenka, maza da mata, ku tafi da safe. Ka nemi mai kula da wurin ku gaisa, ka bar shi ya shige gaba. Makullin babur ɗinka ya zauna a aljihu, hannuwanka a bayanka. In ƙaramin cikinsu ya miƙa yatsa zai taɓa, ka riƙe masa hannu a hankali, ka gaya masa dalili, kada ka daka masa tsawa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In kun dawo ka zo ka ba ni labari, ina nan.